Taron zaman lafiya a Katsina: me ake tattaunawa, wa ke da bakin magana?

Wane irin taro ake nufi?

Akwai na ɗakin taro a cikin birni, wanda ƙungiyoyi kan shirya ranar 21 ga Satumba, wato Ranar Zaman Lafiya ta Duniya, ko 10 ga Disamba, ranar tunawa da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948. Akwai kuma na ƙofar gidan hakimi ko magaji. A shimfiɗa tabarmi, ardo da mutanensa a nan, manoma a can, liman ya buɗe da addu'a. Wannan na biyun mun gaje shi ne, kuma shi ya fi taɓa rayuwar talaka.

Me ake warwarewa a irin wannan zama?

Yawanci rikicin kaka ne. Shanu sun faɗa gona kafin a kwashe amfani, ko wani ya nome burtali, ko an tare hanyar mashaya. Dattawa kan taka har gonar, su ga karan dawar da aka tattake, su ƙiyasta dami nawa aka yi asara, mai shanu ya biya a gaban shaidu. Magana ta mutu ke nan, ba a kai ga zare adda ba. A cikin birni kuwa, batun kauraye, wato 'yan daba, da shaye-shayen matasa ne ya fi cin lokacin masu unguwa.

Sulhu da 'yan bindiga fa, shi ma yana ciki?

Nan ne kan jama'a ya rabu. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da su a 2016, ta sake yi a 2019, duka suka wargaje. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Gwamna Dikko Raɗɗa, da ya hau mulki a 2023, ya kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban shekarar. A 2025 kuma sai al'ummomi da shugabanninsu suka shiga zama da mutanen daji a ƙananan hukumomi irin su Jibiya, Batsari da Safana.

Ba na ganin laifin mutumin da ya daɗe bai leƙa gonarsa ba idan ya amince da zaman. An saki wasu da aka sace, wasu hanyoyi da kasuwanni sun buɗe. Amma mun ga hotunan tarukan, ɓangare ɗaya na rataye da bindigogi, ɗayan hannu rabbana. Wanda ke zaune gaban bindiga ba zai iya faɗin abin da ke ransa ba, shi ya sa nake tsoron ɗorewar irin wannan alƙawari.

Ina ruwan haƙƙin ɗan Adam da taron sulhu?

Ai shi ne ƙashin bayansa. Babi na 4 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare ran kowa da mutuncinsa, ya ba shi damar a saurare shi a gaban shari'a. Wannan ya haɗa da manomin da aka ƙona wa rumbu, ya haɗa da Bafulatanin da 'yan sa-kai suka tare a kasuwa ba don ya yi komai ba. Idan aka tashi taro ba a ambaci jinin kowane ɓangare ba, ramuwar gayya na nan kwance.

Su wa ake mantawa da su?

Mata, musamman waɗanda aka kashe wa mazaje, da waɗanda suka dawo daga daji da ciwon da ba su iya faɗa a bainar jama'a. Ya kamata a ware musu zama nasu, da malama ko wata dattijuwa da suka yarda da ita, ta kai saƙonsu gaban hakimi kafin a yanke komai. Haka 'yan gudun hijirar da ke raɓe a gidajen dangi a cikin Katsina, a aika musu mota su zo, tunda garinsu ake magana a kai.