Harafin "Lalaci" Na Sinanci Ba Wa'azi Ba Ne

An daɗe ana cewa kowane harafin Sinanci hoto ne mai ɗauke da hikima. Misalin da ake yawan kawowa shi ne 懶, wanda ake furtawa "lan", wato lalaci. Wai gefen hagu zuciya ce, na dama kuma 賴, dogaro, don haka malalaci shi ne mai zuciyar dogaro da wasu. Labari ne mai daɗin ji, amma ba haka abin yake ba.

Aikin 賴, mai lafazin "lai", nuna sauti ne kawai. Shi ne dai a cikin 癩, harafin kuturta, kuma babu wanda ya ce kuturta dogaro ce. Mafi yawan haruffan Sinanci haka aka ƙera su: ɓangare ɗaya na ma'ana, ɗaya na lafazi.

Zuciyar ma daga baya ta samu gindin zama. A ƙamus ɗin Shuowen Jiezi da Xu Shen ya rubuta wajen shekara ta 100 miladiyya, alamar mace ce a gefen, 嬾, kuma ya fassara shi da sakaci da kasala. Mata dai sun sha ƙazafi. A babban yankin Sin yanzu 懒 ake rubutawa.