Yadda Bangladesh ta cika azuzuwa da 'yan mata: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ake yawan kawo misalin Bangladesh idan ana zancen ilimin mata?

Saboda yanayin da ta taso a ciki. Lokacin da ta ɓalle daga Pakistan a 1971 talauci ya yi mata katutu, a 1974 kuma aka yi mummunar yunwa. Akasarin mata ba su iya karatu da rubutu ba, mace kan haifi 'ya'ya kusan bakwai. Yau 'yan mata sun fi maza yawa a makarantun sakandare, haihuwa ta sauko zuwa kusan biyu. Kuma ƙasa ce da mafi yawan jama'arta Musulmi ne.

Wace dabara gwamnati ta yi?

A 1994 aka faɗaɗa shirin tallafi ga 'yan matan karkara da ke sakandare zuwa duk faɗin ƙasar. Gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta, sannan ta riƙa zuba wa yarinya 'yan kuɗi a asusun banki mai ɗauke da sunanta. Sharuɗɗa uku ne: ta halarci kashi 75 cikin ɗari na ranakun karatu, ta samu aƙalla kashi 45 a jarrabawa, kuma kada a aurar da ita kafin ta kammala ko ta kai shekara 18. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma ga uban da ke lissafin kowane kwabo, 'yar da ba sai ya biya mata kuɗin makaranta ba ta daina zama nauyi.

Abin da ya fi burge ni shi ne an sa makarantun addini da suka yi rajista da gwamnati cikin shirin. Da yawansu suka buɗe wa mata ƙofa. Iyayen da ke ɗari-ɗari da boko zalla sai suka samu inda hankalinsu ya kwanta.

Gwamnati ce kaɗai ta yi aikin?

A'a. Ƙungiyar agaji mai zaman kanta ta BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972, ta fara buɗe makarantu masu ɗaki ɗaya a ƙauyuka tun 1985, malamansu galibi matan ƙauyen ne, ɗalibai kuma mafi yawa mata.

To ina alaƙar wannan da bunƙasar tattalin arziki?

A nan masaƙu da kamfanonin ɗinki suka shigo. Tun ƙarshen shekarun 1970 sana'ar ɗinka tufafi don fitarwa waje ta fara kafuwa, yanzu tana samar da fiye da kashi 80 na kayan da ƙasar ke sayarwa a ƙetare, da ma'aikata kimanin miliyan huɗu, akasarinsu mata. Kamfani na son mai iya karanta lamba da umarni. Da iyaye suka ga 'yar maƙwabta na aiko da albashi daga manyan biranen Dhaka ko Chattogram, ba su buƙaci wa'azin kowa ba kafin su bar tasu ta ci gaba da karatu. A ganina wannan ya yi tasiri ba ƙasa da tallafin gwamnati ba.

Ke nan komai ya daidaita?

Ina! Har yanzu kusan rabin 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Can iyayen amarya ne ke biyan dangin ango dukiya, kuma yawan shekarun yarinya kan ƙara yawan dukiyar da za su biya, shi ya sa talaka ke gaggawa. Albashin masu ɗinki kaɗan ne. A Afrilun 2013 ginin Rana Plaza, mai ɗauke da kamfanonin ɗinki, ya rufta, ya hallaka sama da mutum 1,100, yawancinsu ma'aikatan ɗinki.

Za a iya yin irin haka a arewacin Najeriya?

An ɗauki wani ɓangare. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 yana ba iyalai matalauta tallafin kuɗi a jihohi irin su Kano, Katsina da Kaduna don 'yan mata su yi sakandare. Ɓangaren ayyukan yi ne babu, domin masaƙun Kaduna da Kano da za su iya ɗaukar waɗanda suka kammala, akasarinsu sun daɗe a rufe.