Dafa ƙwai ba ya kashe furotin ɗin da ke cikinsa

A Kano an daɗe ana cewa ɗanyen ƙwai ya fi gina jiki, wai wuta tana kashe furotin ɗinsa. Shi ya sa wasu ke fasa shi cikin madara su shanye. Ba abin mamaki ba ne, tunda ido na ganin farin ƙwai ya sauya a kaskon mai shayi.

Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai iri 20, wadda ke naɗewa kamar ƙullin zare. Masana kan kwaikwayi wannan naɗewar a kwamfuta, suna lissafa motsin kowace ƙwayar zarra daki-daki. Idan aka ƙara zafi a lissafin, ƙullin ne ke warwarewa, sarƙar kuwa tana nan ba ta tsinke ba, kuma abin da ke faruwa da ƙwai a kasko ke nan. Ita jiki ke buƙata. Hasali ma, ciki ya fi narkar da furotin na dafaffen ƙwai, ga kuma kariya daga ƙwayoyin cuta.

Ku gwada a gida: ku matsa lemun tsami cikin madara, za ta yi gudaji ba tare da wuta ba. Haka ruwan tsamin ciki ke warware furotin, ɗanye ko dafaffe.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa su karanta.