Auna Masu Bugu a Ƙananan Ƙungiyoyin Besbol: Tambayoyi da Amsoshi

Wai su wane ne ƙananan ƙungiyoyin?

Kowane kulob cikin 30 na MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, yana da gidajen reno inda yake horar da 'yan wasa kafin su hau babban fili. Tun garambawul ɗin 2021 matakan huɗu ne: Single-A, High-A, Double-A, sai Triple-A a ƙoli, jimilla ƙungiyoyi 120. Kulob ɗin Colorado Rockies, alal misali, nasa, bi da bi daga ƙasa zuwa sama, suna Fresno, Spokane, Hartford da Albuquerque. Uwar kulob ce ke biyan 'yan wasan, ita ke ɗaga wanda ta ga dama a tsakiyar kaka. Saboda haka ɗaukar kofi a can ba shi ne ainihin manufar ba.

To, me zai hana a duba ƙungiyar da ta fi cin maki a wuce wurin?

Filin wasa na iya yaudarar mutum. Albuquerque tana kan tudu, fiye da mita 1,500 sama da teku. Iskar can ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa, kuma jifar da ya kamata ta lanƙwasa ba ta lanƙwasawa sosai. Bugun da mai tsaron baya zai cafke a Hartford, a Albuquerque sai ya tsallake katanga. Haka Reno da Salt Lake da El Paso suke, duk a gasar Pacific Coast. Ita kuwa gasar jihar Florida an san ta da takura wa masu bugu.

Ko ƙwallon ma tana canza lissafi. A 2019 aka fara amfani da ƙwallon MLB a Triple-A, sai bugun tsallake katanga ya ƙaru da fiye da rabi a shekara guda. Ba ƙarfi yaran suka yi cikin dare ba.

Waɗanne alƙaluma ne abin dubawa?

Tsohon ma'auni shi ne matsakaicin bugu: wanda ya samu bugu mai kyau sau 3 cikin 10 ana rubuta masa .300, kuma gwani ne. Sai dai ma'aunin nan ba ya ganin mai haƙuri, wanda ke ƙyale jifa huɗu marasa kyau ya taka zangon farko a kyauta, kuma bugun zango ɗaya da na tsallake katanga duk ɗaya ne a wurinsa. Shi ya sa aka koma ga OBP, yawan isa zango, da SLG, nauyin bugun. Haɗin biyun ake kira OPS.

Akwai kuma wRC+, ma'aunin makin da mai bugu ke samarwa, wanda ke sa 100 a matsayin tsaka-tsakin gasar. Mai 130 ya fi talakan gasarsa da kashi 30. Hattara dai: a ƙananan gasa, a duba ko an daidaita wannan adadi da filin ma, ba da gasar kawai ba. In ba haka ba, ɗan Albuquerque na nan da garaɓasarsa.

Ni idan za a ba ni adadi biyu kacal, zan zaɓi yawan fitar da ake yi wa yaro da jifa uku da ya kasa bugawa da yawan tafiyarsa kyauta. Wanda masu jifar Single-A ke fitarwa sau ɗaya cikin uku, me kake tsammani idan ya gamu da na Double-A, masu sarrafa ƙwallo yadda suka so?

Shekaru fa, suna da tasiri?

Su ne rabin zancen. A 2018 Vladimir Guerrero Jr. yana ɗan shekara 19 ya buga .402 a Double-A ta New Hampshire, a gaban masu jifa da suka girme shi da shekaru. Da ɗan shekara 27 ne ya yi haka, ba wanda zai tashi tsaye.

Ga Mike Hessman a ɗaya gefen. Ya yi bugun tsallake katanga sau 433 a ƙananan gasannin Amurka, tarihin da ya kafa a 2015 yana Toledo, amma a MLB sau 14 kawai. Irinsu masu harkar ke yi wa laƙabi da Quad-A: sun fi ƙarfin Triple-A, babban fili kuma ya fi ƙarfinsu. Triple-A cike take da irin waɗannan dattawa, ana ajiye su ne don ranar da wani ya ji rauni a sama. Ƙungiya na iya jan ragamar gasa a bugu alhali ba ta da matashi ko ɗaya da zai yi nisa.

Wasa nawa za a gani kafin a yanke hukunci?

Wata guda bai isa ba. Cikin ƙwallayen da aka buga suka faɗa fili, kusan kashi 30 ne ke zama bugu mai kyau. Idan ka ga na wani ya haura kashi 40 a watan Afrilu, yawanci sa'a ce, za ta sauka. Na'urorin Statcast da aka girka a duk filayen Triple-A tun 2023 sun rage wannan ruɗu, don suna auna gudun ƙwallo daga bakin sanda. Mil 95 a awa zuwa sama shi ake ɗauka bugu mai ƙarfi, ko an cafke ko ba a cafke ba.

Yaya za a haɗa duka a auna kulob baki ɗaya?

A ware 'yan wasan da ke da ƙarancin shekaru a matakinsu, a kwatanta kowa da gasarsa, a duba abin da ya yi a gida da na waje. Sannan a bi sawun wanda aka ɗaga: ya riƙe haƙurinsa a sabon mataki ko ya fara kai wa kowace jifa sara? Ga Rockies, ni Hartford nake fara leƙawa kafin Albuquerque, domin a Double-A ake tankaɗe, kuma can iska ba ta taya kowa bugu.