Idan kamfani ya kwashe aiki ya kai ƙetare, me dokar Amurka ta tanadar wa ma'aikaci?

A watan Fabrairun 2016 an tara ma'aikatan masana'antar Carrier da ke birnin Indiyanafolis a tsakiyar wurin aikinsu, wani babban jami'in kamfanin ya tsaya a gabansu ya sanar da cewa za a mayar da aikin ƙera na'urorin ɗumama gida zuwa Montere ta ƙasar Meziko. Mutum kusan 1,400 abin ya shafa. Wani daga cikinsu ya ɗauki bidiyo da wayarsa, ana jin ihu da ashar, jami'in kuma yana ta roƙon a yi shiru ya ƙarasa, yana cewa wannan shawara ce ta kasuwanci kawai. Bidiyon ya karaɗe intanet, 'yan siyasa suka yi caa a kai. Duk da haka kamfanin bai karya ko wace doka ba.

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Babu wata dokar tarayya a Amurka da ta hana kamfani mai zaman kansa rufe masana'antarsa ya kai aikin inda ƙwadago ya fi araha. Dokar ƙasar ta bar ƙofa a buɗe, sannan ta ɗora sharaɗi guda a kan kamfani, ta kuma ɗauki alkawari guda ga ma'aikacin da aka bari a baya.

Sharaɗin ba shi da tsawo. Dokar da ake kira WARN, ta 1988, ta wajabta wa kamfanin da ke da ma'aikata 100 ko fiye ya ba da sanarwar kwana 60 a rubuce kafin ya rufe wurin aiki ko ya yi sallamar taro. Idan ya ƙi, zai biya kowane ma'aikaci albashi da haƙƙoƙinsa na kwanakin da ya tauye, har zuwa kwana 60. Shi ke nan. Dokar ba ta tambayi dalilin tafiya ba, ba ta kuma ba kowa ikon cewa a'a ba. Ko wannan ɗin ma Shugaba Ronald Reagan bai sa mata hannu ba, barin ta ya yi ta zama doka da kanta.

Alkawarin shi ne ya fi buƙatar bayani, kuma sai an fahimci lissafin da ke ƙarƙashinsa. Tun zamanin David Ricardo, a 1817, masana tattalin arziki ke cewa ƙasa na ƙaruwa idan ta mai da hankali kan abin da ta fi iyawa, ta sayo sauran daga inda ya fi sauƙi. Riga ta yi arha, waya ta yi arha, kamfani ya samu riba, wata ƙasar kuma ta samu aikin yi. Idan aka tara ribar gaba ɗaya ta fi asarar yawa. Matsalar ita ce rabon. Ribar tana watsuwa ne kaɗan-kaɗan a aljihun miliyoyin masu saye, ta yadda babu wanda ya san ya samu, ita kuwa asarar kan faɗa wa gari guda, wa mutumin da ya shekara ashirin a bakin inji guda. A 2004 Gregory Mankiw, shugaban masu ba Shugaba George W. Bush shawara kan tattalin arziki, ya ce kai aiki ƙetare wata sabuwar hanya ce kawai ta cinikin ƙasa da ƙasa, kuma alheri ce a ƙarshe. Ya sha suka har daga 'yan jam'iyyarsa. A ajin jami'a maganarsa daidai ce, amma wanda aka sallama jiya ba a ajin jami'a yake ba.

Saboda wannan giɓin ne aka ƙirƙiro shirin tallafa wa waɗanda cinikin ƙetare ya raba da aikinsu, wanda aka fi sani da TAA. Shugaba John F. Kennedy ne ya kawo shi cikin dokar faɗaɗa ciniki ta 1962, a lokacin da yake neman ikon rage harajin shigo da kaya. Hujjarsa ita ce tunda ƙasa baki ɗaya ce za ta ci moriya, bai kamata a bar wasu 'yan tsiraru su ɗauki nauyin su kaɗai ba. Amma sharuɗɗan farko sun yi tsauri har aka kai 1969 ba a amince da ƙorafin ma'aikata ko guda ba. Sai dokar ciniki ta 1974 ta sassauta su.

Ga yadda abin yake tafiya kafin wa'adin shirin ya cika a 2022. Ma'aikaci ba ya zuwa shi kaɗai ya ce a ba shi tallafi. Rukunin ma'aikata, ko ƙungiyar ƙwadagonsu, ko kamfanin da kansa, ko hukumar samar da aiki ta jiha, su ne ke shigar da takarda ga Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya. Ita kuma tana da kwana 40 ta bincika ko shigowar kayan waje, ko mayar da aikin wata ƙasa, na cikin manyan dalilan sallamar. Idan ta amince, sai kowane ma'aikaci a rukunin ya nemi haƙƙinsa a jiharsa. A tsarin da aka sabunta a 2015, haƙƙin ya haɗa da kuɗin koyon sabuwar sana'a, da alawus na mako-mako wanda idan aka haɗa shi da kuɗin rashin aiki na yau da kullum zai iya kai wa mako 130 muddin mutum yana cikin horo, da gudummawar neman aiki da ta ƙaura zuwa wani gari, kowacce har dala 1,250.

A wancan tsarin akwai wani tanadi da nake ganin ya fi duka hikima, domin ya san halin ɗan Adam. Mai shekara 50 zuwa sama ba lalle ne ya iya komawa makaranta ba, kuma aikin da zai samu yawanci bai kai na da albashi ba. Sai dokar ta ce: karɓi aikin, gwamnati za ta cike maka rabin bambancin na tsawon shekara biyu, iyaka dala 10,000, matuƙar sabon albashin bai wuce dala 50,000 a shekara ba. A ce mutum yana karɓar 45,000 a masana'anta, ya koma tuƙin motar kaya a kan 33,000. Bambancin 12,000 ne, rabinsa 6,000 a shekara. Shekara biyu ya kamata ya zama 12,000, amma za a tsaya masa a 10,000. Daga nan sai ya ji da kansa.

Inda dokar ta daɗe tana tuntuɓe shi ne kalma ɗaya: kaya. Asalinta an rubuta ta ne don masu ƙera abin da ake iya taɓawa. Da aikin amsa kiran waya da na shigar da bayanai da na rubuta manhajar kwamfuta suka fara komawa Indiya da Filifin, waɗanda suka rasa aikin sai aka riƙa mayar musu da takardunsu, wai ba kaya suke ƙerawa ba. Har kotu aka je ana musun ko manhaja kaya ce. Sai a 2009 aka shigar da ma'aikatan hidima cikin shirin a sarari, daga baya ma tanadin ya riƙa faɗuwa ana sake ɗaga shi, gwargwadon yadda iskar siyasa ta kaɗa a Majalisa.

Shin ya yi amfani? Bakin masu bincike bai zo ɗaya ba. Wani nazari da cibiyar Mathematica ta yi wa Ma'aikatar Ƙwadago, wanda ya fito a 2012, ya gano cewa a cikin shekara huɗun farko waɗanda suka shiga shirin ba su kai takwarorinsu da ba su shiga ba samun kuɗi ba, wani ɓangare saboda lokacin da suka ɓata a aji. Shi kuwa masanin tattalin arziki Benjamin Hyman, da ya bi diddigin ma'aikata na shekara goma, ya samu cewa waɗanda aka horar sun tara kusan dala 50,000 fiye da waɗanda aka hana. Abin da babu gardama a kai shi ne shirin ya yi kaɗan. Bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, ma'aikatan masana'antun Amurka sun ragu daga kusan miliyan 17 a 2000 zuwa kusan miliyan 11 da rabi a 2010. Ba duka ne laifin Sin ba, injuna da karyewar tattalin arziki na 2008 sun ci nasu rabon. Amma masanin tattalin arziki David Autor da abokan bincikensa sun nuna cewa garuruwan da abin ya fi duka ba su farfaɗo da wuri ba, mutane ba su ƙaura kamar yadda aka yi zato ba, kuma da yawa kuɗin tallafin naƙasassu na gwamnati suka koma karɓa, wanda ya ninka na TAA a waɗannan yankunan.

Da tallafin ya gaza cika ido, sai siyasa ta juya ga tsare aikin da kansa, kuma wannan hanyar tana da tsada. A batun Carrier, bayan zaɓen 2016 Donald Trump ya shiga tsakani, jihar Indiyana ta ba kamfanin rangwamen dala miliyan 7 a cikin shekara goma, aka bar ayyuka kusan 800, ɗaruruwa kuma suka tafi duk da haka. A 2018 aka ɗora haraji kan injin wanki na waje. Wasu masana uku, Flaaen da Hortaçsu da Tintelnot, sun lissafa cewa ya samar da ayyuka kusan 1,800, masu saye kuma suka biya ƙarin kusan dala biliyan 1.5 a shekara, wato sama da dala 800,000 kan kowane aiki guda. Har farashin injin busar da kaya ya tashi, alhali ba a sa masa haraji ba, don kawai tare ake sayen su.

Shi kuwa TAA, wa'adinsa ya cika ranar 1 ga Yulin 2022 ba tare da Majalisa ta sabunta shi ba. Daga ranar Ma'aikatar Ƙwadago ta daina yanke hukunci kan sababbin takardu. Waɗanda aka riga aka amince da rukuninsu, aka kuma sallame su kafin ranar, sun ci gaba da karɓar haƙƙinsu. Wanda aka sallama bayanta kuwa, ko da a gaban idonsa aka kwance injin aka loda a mota zuwa Meziko, abin da ya samu shi ne sanarwar kwana 60 da kuɗin rashin aiki na jiharsa, wanda a yawancin jihohi mako 26 ne.