Rumfar awaki a Ingila: yadda mai ƙaramar gona ya koma neman izini

A Ingila mutum zai iya sayen gona da guminsa, takarda a hannu, ba mai bin sa ko sisi, amma ranar da ya ce zai kafa wa awakinsa rumfa sai ya je ƙaramar hukuma neman izini, ya biya kuɗi, ya kai zanen gini, ya zauna jira. Maƙwabcinsa mai gandu kuwa, idan zai gina sito mai girman da tirela za ta shiga ta juya, sanarwa kawai zai aika. In kwana 28 suka wuce hukuma ba ta ce uffan ba, sai ya kira magina. Abin da ya raba su biyun girman gona ne: hekta 5, wato eka 12 da ɗan ɗoriya. Wanda ya kai wannan yana da hurumin yin sabon ginin noma. Wanda bai kai ba, iyakarsa ya gyara ko ya ɗan faɗaɗa ginin da ya tarar. Wanda gonarsa ba ta kai eka ɗaya ba ma, ba a zancensa.

Mai jin wannan zai ce ai an juya abin, kamata ya yi mai gayauna a sassauta masa. Dalilin yana cikin wani tsohon tsoro da ya haura shekara ɗari.

Tun daga shekarun 1870 hatsi mai araha daga Amurka ya riƙa kwarara cikin Birtaniya, noma ya karye. Gonakin laka na yankin Essex, gabas da Landan, su ne suka fi jin jiki, aka bar su ciyawa ta cinye. Sai 'yan kasuwar filaye suka saye su a wulaƙance, suka yayyanka fuloti-fuloti, suna sayar wa talakawan Landan a kan fam kaɗan. Mai aikin tashar jiragen ruwa zai hau jirgin ƙasa ranar hutu da katako a kafaɗa, ya kafa 'yar bukka inda iyali za su sha iska. Wani tsohon taragon jirgin ƙasa zai saya a jawo masa, wani tsohuwar bas, wani rumfar sojoji da aka yi gwanjonta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bana bukka ce, baɗi an ƙara ɗaki, baɗin baɗaɗa an yi murhu da baranda, iyali sun tare. Haka Laindon da Pitsea da Dunton suka cika, haka Peacehaven ta tashi a bakin teku a Sussex daga 1916, Jaywick kuma a bakin tekun Essex daga 1928. Ba kwalta, ba magudanar ruwa, galibi ba famfo.

Ga mazauna wurin, wannan ne karo na farko da suka mallaki ƙasa a rayuwarsu. Masu faɗa a ji kuwa ƙazanta suka gani ana zubawa a karkarar da suke tinƙaho da ita. A 1926 aka kafa ƙungiyar kare karkarar Ingila, masanin tsara birane Patrick Abercrombie na cikin jagororinta, kuma irin waɗannan unguwanni na cikin abin da ta fi tsana. Dokar tsara birni da karkara ta 1932 ta yi yunƙurin taka burki, sai dai ba ta da haƙora, domin hukumar da ta hana mutum gini tana iya biyan sa diyya, ƙananan hukumomi kuwa ba su da kuɗin. (Wannan doka ta 1932 ce Turawan mulkin mallaka suka kwaikwaya suka yi wa Najeriya dokar tsara birane ta 1946, wadda ta yi aiki har 1992.)

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya lissafi ta fuska biyu. Na farko, Birtaniya ta ga yunwa ido da ido lokacin da jiragen Jamus na ƙarƙashin teku ke nutsar da jiragen abinci, har rabon abinci da kati bai ƙare ba sai 1954. Manomi ya zama ɗan lele. Kwamitin Alƙali Scott ya ba da rahoto a 1942 cewa a kare ƙasar noma daga gine-gine, a bar manomi ya ci gaba da zama mai tsaron karkara. Na biyu, gwamnatin Leba da ta hau a 1945 ba ta jin nauyin karɓe iko daga hannun masu dukiya. A 1947 minista Lewis Silkin ya kai wa majalisa dokar da har yau ita ce tushen tsarin, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 1948. Ta bar wa kowa ƙasarsa, ta ɗauke haƙƙin yin gini a kanta ta damƙa wa hukuma. Shekara guda bayan haka aka ayyana Basildon a matsayin sabon gari, ya haɗiye da dama daga cikin unguwannin bukkokin Essex.

Noma kam an ware shi gefe. Dokar ta ce amfani da ƙasa don noma ba ya buƙatar izinin kowa, sannan aka yi umarni na bai ɗaya da ya yafe wa manomi neman izinin ginin da aikinsa ke buƙata. Shekaru da dama mai eka ɗaya da ɗoriya ma yana cin wannan gajiya. To, ɗan Adam ba ya ganin ƙofa a buɗe ya wuce. Sai aka koma yanka gonaki ƙanana ana sayarwa, kowane mai yanki ya ce shi manomi ne, ya tayar da "sito" mai taga da labule. A farkon shekarun 1990 gwamnati ta ja layin hekta 5 ɗin nan, ta kuma shigo da tsarin sanarwar kwana 28. Akwai wasu sharuɗɗan ko ga mai gandu: noman ya zama na sana'a, ginin ya zama wanda gonar ke buƙata da gaske, kuma in na dabbobi ne kada ya kusanci gidan wani da ƙasa da mita 400.

Wani abin dariya shi ne doki. A idon dokar Ingila, dabbar noma ita ce wadda ake kiwo don nama, madara, ulu, fata, ko don aikin gona. Dokin hawa bai shiga ba. Idan ka saki doki yana kiwo a fili, kotu ta yarda wannan noma ne, tunda ciyawar yake ci. Da zarar ka fara kawo masa abinci a bokiti, kana sukuwa a filin, ka gina masa barga, to ka canza amfanin ƙasar, sai da izini. Amma da a ce bargar a cikin harabar gidanka ka gina ta, don nishaɗin iyali, ƙa'idar gidaje ta ba ka dama muddin ba ka cinye fiye da rabin harabar ba kuma ba ka wuce tsayin da aka ƙayyade ba. Akurkin kaji ma haka. Ka ƙetara shingen gidan da taku biyu zuwa cikin gonarka, hukunci ya canza.

Da aka toshe ƙofa sai masu ƙananan gonaki suka nemi taga. Tunda izinin na gini ne, bari a yi abin da ba gini ba. Nan aka samu kasuwar rumfar da ake ɗorawa a kan dogayen ƙarafa biyu, ba harsashi, ba siminti, da ƙugiya a gaba, a ja ta da tarakta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Masu sayar da ita har yau da wannan suke talla. Kotuna kuwa suna da ma'auni uku da suka gada daga wata shari'ar haraji ta 1949: girman abin, daɗewarsa a wuri guda, da yadda ya kama ƙasa. Da shi aka yanke a 2006 cewa dogayen rumfunan leda na wata gonar 'ya'yan itace a Surrey gini ne. A 2012 kuma aka kai batun wasu akurkai a kwarin Woolley kusa da garin Bath, kowanne tsawon kusan mita 20, a kan ƙarafan ja. Ƙaramar hukuma ta ce ba gini ba ne tunda ana matsar da su, Babbar Kotu ta ce hukumar ta yi wa doka gajeriyar fassara. Tun daga nan wanda ya ajiye rumfar ja ya bar ciyawa ta tsiro a gindinta, ya san yana kan siraɗi.

Akwai kuma tagar lokaci. Tsohuwar ƙa'ida ta ce ginin da ya shekara huɗu da kammalawa hukuma ba ta ce komai ba, ya tsira. Wani manomi a Salfords da ke Surrey ya ɗauki wannan da gaske. Ya gina katafaren gida mai kamar fadar sarakunan da, ya kewaye shi da tulin damman ciyawa, ya lulluɓe da shuɗin tampol, iyalinsa suka tare ciki a 2002. A 2006 ya kwashe ciyawar yana ganin ya ci. Kotu ta ce ai kwashe ciyawar ma wani ɓangare ne na aikin ginin, don haka shekara huɗun ba ta ma fara ƙirguwa ba. An yi ta ja har aka ɗora masa hukuncin ɗaurin wata uku na jeka-ka-gyara-halinka, a 2016 gidan ya sha gatari. Kafin nan majalisa ta riga ta yi doka a 2011 da ta hana wanda ya ɓoye gini da gangan fakewa da wa'adin. Irin wannan labari shi ne ke zuwa a ran jami'in tsare-tsare duk lokacin da mai tumaki goma ya kawo takardar neman rumfa. A ganina an yi wa mai tumakin rashin adalci, amma ba zan ce jami'in mafarki yake ba.

Wales, wani yanki na Birtaniya, ta gwada wata hanya. Bayan wasu iyalai tara sun samu izinin kafa ƙauyen Lammas a Pembrokeshire a 2009, gwamnatin yankin ta fito da tsari a 2010 da ya ce mutum na iya gina gida da rumfunansa a tsakiyar karkara, da sharaɗin cikin shekara biyar ya nuna gonar ce ke riƙe da shi: aƙalla kashi 65 cikin ɗari na abincin gidan ya fito daga gonar ko daga kuɗin abin da ta samar. Kowace shekara sai ya kai rahoto, in ya gaza ya kwashe gininsa. Ba kowa ke iya wannan lissafi ba, waɗanda suka shiga ba su da yawa.

Ingila ba ta bi ba, ita wajen mai gandu ta ƙara sakin igiya. Iyakar ginin da zai yi da sanarwa ta daɗe a kan murabba'in mita 465, a 2018 ta koma 1,000, a watan Mayun 2024 ta kai 1,500. Tun 2014 an ba shi damar mayar da tsohon sito gidan zama ba tare da cikakken izini ba, da farko gida uku, yanzu har goma a gona guda. Wato abin da aka shekara da shekaru ana zargin mai bukka da shi, an halatta wa mai sito. A watan Afrilun 2024 ɗin kuma aka ƙara wa'adin tsirar gini daga shekara huɗu zuwa goma. Layin hekta 5 ba a taɓa shi ba.