Tasirin DNA na bakteriya da na fumfuna a kan kumburin gaɓɓai

DNA, wanda masu karatun Faransanci a Damagaram suka fi sani da ADN, shi ne sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta. Gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna cewa na bakteriya, ko da ƙwayar ta mutu, yana iya kumbura gaɓa shi kaɗai.

A 1999 ne Andrej Tarkowski da abokan aikinsa na jami'ar Gotenbag a Suwidin suka fitar da shaidar. Sun tsame DNA daga bakteriya, suka yi wa ɓeraye allurarsa a cikin gwiwa. Ba a jima ba fatar cikin gaɓar ta kumbura, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti suka yi mata dafifi, suna zubar da sinadarin TNF mai rura kumburi. Da aka gwada DNA na ɗan maraƙi, gwiwa ba ta ko motsa ba.

Bambancin yana ga wani ɗan jeri da ake kira CpG, inda harafin G yake biye da C a cikin haruffan DNA. A jikin mutum da dabba jerin ba shi da yawa, kuma galibi an liƙa masa tambarin wani ɗan sinadari da ake kira metil. A bakteriya kuwa tsirara yake, ga yawa. Da masu binciken suka liƙa wa jerin tambarin, sai kumburin ya ƙi tashi. A 2000 ƙungiyar Shizuo Akira ta Osaka a Japan ta gano mai gadin da ke gane shi a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, wato TLR9. Abin mamaki, a 2004 mutanen Gotenbag suka ga DNA na mitokondiriya (sassan da ke samar wa ƙwayar halitta ƙarfi), wanda na jiki ne amma asalinsa daga bakteriya, shi ma yana kumbura gwiwar ɓera.

Labarin fumfuna, dangin wadda ke kama gujjiya a rumbu in damina ta yi nisa, ya ɗan sha bamban. An nuna a 2008 cewa DNA na fumfunar da ake kira Aspergillus fumigatus yana tayar da TLR9. Amma a gaɓɓai, shaidar da ta fi ƙarfi tana kan bangon ƙwayar ne: sinadarin beta-gulukan yana tayar da ciwo mai daɗewa a wani irin ɓerayen gwaji da ake kira SKG, waɗanda ba su cika kamuwa ba in an tsare su a wuri mai tsabta.

Tsohuwar da ke Birni tana murza gwiwa da hunturu za ta ce sanyi ne ya shige ta. Gwajin ɓera bai bayyana ciwonta ba, don kumburin allurar CpG kan lafa da kansa, amosanin mutum kuwa yakan yi shekaru. Inda ya fi haskawa shi ne dalilin da gaɓar da bakteriya suka taɓa shiga take ci gaba da zafi bayan magani ya kashe su.